Hatiminka Ba Zai Ƙara Kwana a Gidana Ba

Pyeongtaek,
bayan bikin girbi na Chuseok.

Zuwa ga ƙanena Dong-pil,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Eun-sil da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mini amma matarka take tsegunta mini, ya sa albarka a shagonku, ya raya mana Ha-yun da Do-gyeom. Na ga hoton da kuka turo. Yaron nan ya kwaso kunnuwan Baba sak, Allah ya ba shi haƙurin zama da su. Na san kana buɗe akwatin da na sako wannan takarda a ciki za ka ce Yaya ta tsufa har ta manta akwai waya a duniya. Ban manta ba. Kai ne ba ka iya sauraro a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka ba ni amsar ƙarshenta, ga shi kuma bangon gidan nan namu ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Maganar da nake tafe da ita ba ta tsaye ba ce, don haka ka bar wa Eun-sil shago, ka nemi wuri ka zauna.

Mu dai lafiya lau muke. 'Yarmu Ye-rim ta kusa gama karatun jinya, yanzu kullum tana asibiti koyon aiki. Ta rame, amma bakinta bai rame ba. Ni ina nan a gidan abincin direbobi na bakin tashar jiragen ruwa, daga tukunya sai tukunya. Goggo kuwa gwiwa ta matsa mata, amma da na ce ta bar noman gonarmu ta Uiseong ta huta, cewa ta yi in bari sai ranar da aka kai ta saman tudu kusa da kabarin Baba ɗan'uwanta sannan in yi mata wannan maganar. Tafarnuwar bana ta yi kyau ƙwarai. Mun je Uiseong kafin biki mun yanke ciyawar kabarin Baba da Inna. Baban Ye-rim ne ya saɓa injin yanka a kafaɗa, ya yi nasa ya yi naka, kamar kowace shekara tun da ka ƙetare teku ka tafi Asunción, kuma bai taɓa cewa ya gaji ba. Ina so ka riƙe wannan a zuciyarka kafin ka karanta sauran, don kada ka ga laifinsa fiye da yadda yake. Da ya gama, sai na gan shi tsaye a gefen kabarin Inna ya daɗe yana kallon gonar da ke ƙasa. Ni a zatona gajiya ce.

Ka san ya haura shekara ashirin yana tuƙa babbar motar wani. Can da yana jin daɗin aikin, don tsohon maigidansu mutum ne mai sanin darajar mutane. To, tsohon ya sauka, ɗansa ya hau, yaron da Baban Ye-rim ya sha ɗauka ya zaunar da shi a kan cinyarsa yana wasa da sitiyari. Shi ne ya sa musu na'urar ɗaukar hoto a cikin mota, idonta a kan fuskar direba. Ran nan ya kira shi ofis, a gaban yaran da ba su kai Ye-rim ba, yana tambayarsa me ya tsayar da shi har sau uku a hanyar Gumi. Mutumin da ya ba hamsin baya, a ce sai ya yi bayanin fitsarinsa! Ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, Maman Ye-rim, wallahi kafin in mutu sai na riƙe sitiyarin da yake nawa, ko da na kwana ɗaya ne. Ban ga laifinsa ba, Dong-pil. Ni kaina a ranar da na sami yaron nan da na kwaɗa masa ludayi.

Daga nan ya shiga neman yadda zai mallaki mota da kaɗan-kaɗan, ana cirewa daga abin da ta samo. Hanya biyu ya samo. Ta farko ta wani kamfani ce, mai kula da harkar sunansa Manaja Pyo. Za su ba shi sabuwar mota dal, ya ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa cirewa duk wata daga kuɗin dakon har shekara biyar. Su ne za su riƙa ba shi lodi, ba ruwansa da yawon neman kaya. Sai dai ka san ƙasar nan ba a dakon kayan haya sai da lambar mota mai ruwan ɗorawa, gwamnati kuma ta daɗe da tsuke hannu wajen ba da sababbi, sai dai ka saya a hannun mai ita da tsadar tsiya, ko ka raɓu da kamfanin da ke da su. Lambar ta kamfanin Pyo ce. Saboda haka motar da sunan kamfanin za a rubuta ta, shi kuma ya riƙa biyan hayar lambar duk wata, ban da biyan motar. Wai in ya gama biya mota ta zama tasa. Na ce to lambar fa? Ya ce lamba tasu ce har abada, haka kowa yake yi. Na ce ashe dai doki naka, linzami na wani. Ya ce ni matsalata ke nan, komai sai na sa masa baki.

Hanya ta biyu ta dattijo Maeng ce. Ba ka san shi ba, wani tsohon direba ne da ke cin abinci a wajenmu, idonsa ya fara ba shi matsala, 'ya'yansa sun ce ya ajiye tuƙi. Yana da motarsa da lambarsa ta kansa. Ya ce wa Baban Ye-rim ya ɗauka duka biyun ya riƙa biyansa a hankali, ba ya neman jingina, sanin da ya yi masa ya isa, ranar da ya gama kuma a mayar da komai da sunansa. Kada ka ce to ai ga mafita. Motar nan ta tsufa, in aka tayar da ita da safe tari take yi kamar mai ita. Ba wanda zai ba shi lodi, sai ya zauna yana kallon waya yana jiran tallan kaya, yana rige-rige da samari masu saurin yatsa. In injin ya buga a wata na uku, bakanike zai cinye mu da ranmu, ga kuma tsoho mai jiran kuɗin maganin ido. Baban Ye-rim ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce shi bai bar motar wani don ya koma jinyar gawa ba. Na ce gawar dai da sunanka za a binne ta. Bai yi dariya ba.

Da a nan maganar ta tsaya da ban dame ka ba, tsakanina da mijina ne. Amma kuɗin sabuwar motar bashi ne daga wasu masu ba da rance, su kuwa sun dubi shekarunsa, sun dubi gidan hayarmu, suka ce sai da jingina. Mu kuwa me muke da shi a duniya in ba gonar Uiseong ba? Ka san tun rasuwar Inna da sunana da naka aka rubuta ta, ba a raba ba, su kuma sun ce ba sa karɓar rabin gona. Sai an buga hatimina, an buga naka. Nan ne Baban Ye-rim ya tuna cewa ranar da za ka tafi ka ba ni hatiminka mai rajista, wanda yake a madadin sa hannunka, da takardar wakilci, ka ce, Yaya, riƙe, duk abin da ya taso na gona ko na kabari ki yi, ba sai kin tashe ni daga barci ba. Ka faɗa a gabansa, kuma bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce ai jingina ce kawai, gona ba za ta matsa ko taki ɗaya ba, Goggo ma ba za ta san an yi ba. Na ce to a kira Dong-pil a tambaye shi. Ya ce haba Maman Ye-rim, so kike in durƙusa wa yaron da na koya wa ɗaura lakataya ranar aurensa? Ya ce ai don kada a tambaye ka ka bar hatimin. Na ce don a gyara hanyar ruwa da biyan harajin ƙasa ka bar shi, ba don a ɗora kabarin uwarka a bayan mota a kai Busan ba. Na san maganar ta yi zafi. Kwana biyu bai ci abin da na dafa ba.

Ni ma ban zauna haka ba. A wajen aiki direbobi ne ke shiga suna fita, sai na riƙa tambaya ina zuba miya. Akwai wani Sang-tae, ya taɓa shiga irin wannan tsarin da wani kamfani daban. Ya ce shekarar farko lodi har ture shi yake yi. Da aka shiga ta biyu sai kaya suka ja baya, cirewar wata kuwa ba ta ja baya ba. Ya nemi ya ɗauki kayan wasu, aka ce yarjejeniya ta hana. Ya ɗaga murya a ofis, da safe ya zo ya tarar an kwance lambar an tafi da ita. Ya ce, Yaya, mota ce sabuwa tana sheƙi a fili, ni ina biyan kuɗinta, amma ko kwalin taliya ba ni da ikon ɗorawa a kai, kullum sai in je in wanke ta in dawo. Daga baya kamfanin ya rushe, masu bin sa bashi suka kwashe duk motar da ke da sunansa, har da tasa, gidan surukarsa da aka jinginar kuma ya bi ruwa. Yana cikin ba ni labarin sai wani direba Hak-su, da ke teburin baya, ya ce kai rufe mana baki, mashayin banza, wa zai ba ka lodi kana warin giya tun hantsi? Ya ce shi ma ta wannan hanyar ya bi, ya gama biya, yau motarsa biyu, ɗansa yana jami'a a Daejeon. Ya ce in kowa zai ji tsoro irin naku ai da har yanzu da keken shanu ake dako a ƙasar nan. Sang-tae ya ce ai bayan an kwance lambar ya fara sha, Hak-su ya ce ƙarya kake, tun kana soja na san ka. Sai da na raba su da ludayi a hannu. Abin haushin shi ne dukansu biyu gaskiya suke faɗa.

Na kawo wa Baban Ye-rim labarin Sang-tae, shi kuma ya riga ya ji na Hak-su. Na ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce gemun Sang-tae da giya yake jiƙe shi ya sa ya kama. Ka ji irin zaman da muke yi ke nan tun farkon damina.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga Manaja Pyo har gida, da kwalin naman shanu irin mai tsadar nan, ya cire takalmi ya jera su tsaf, yana ta Uwargida kaza, Uwargida kaza. Na shirya masa tambayoyina kamar mai shirin yaƙi. Na ce in lodi ya ragu fa? Ya ce kasuwa ce, Uwargida, ba wanda yake riƙe da ita, amma su shekara da shekaru ba su taɓa rasa kaya ba. Na ce a rubuta yawan lodin a takarda mana. Ya ce ai ba kamfanin da yake rubutawa, in na samu ɗaya in nuna masa shi ma ya koma can. Na ce in mijina ya kwanta ciwo? Ya ce sai a sa wani ya tuƙa a biya shi, cirewa dai ba ta tsayawa. Na ce in kamfaninku ya faɗi, motar ta wa ce? Ya ɗan yi murmushi ya ce akwai wurin da ake rubuta cewa direba ne ya kawo motar, doka ta tanadi wannan, sai dai in abu ya kai kotu yana ɗaukar lokaci. Na ce gonar fa, a cikin wannan lokacin? Ya ce wannan kuma tsakaninmu da masu bashi ne, ba da su ba. Dong-pil, na so in kama mutumin nan da ƙarya ko guda ɗaya, in samu abin nuna wa mijina, ban samu ba. Komai ya faɗa mini a fili, da ladabi, har yana tura mini kofin shayina kusa. Wannan ya fi ba ni tsoro. Bayan ya tafi na ce a mayar masa da namansa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Baban Ye-rim ya ce ba zai yi wannan rashin kunyar ba, ya gasa ya ci shi kaɗai, ni da Ye-rim muka ci shinkafa da kimchi, jiƙaƙƙen kabejinmu mai yaji.

Washegari ya shigo da leda. Busasshen kifi ne guda, da ƙullin farin zare, da kwalbar farar giyar shinkafa. Ka san ko na mene ne: ranar da sabuwar mota ta iso a zuba giyar a tayoyi, a naɗe kifin da zaren a rataye a ciki don tsari da tsawon kwana, kamar yadda mahaifinsa ya yi wa tarakta. Mota ba ta zo ba, hatimi bai taɓa takarda ba, amma kifi ya riga ya iso. Ya rataye shi a ƙusa kusa da tagar kicin, bakinsa a hangame, idonsa a kaina duk inda na juya. Ye-rim ta ce, Baba, wannan ne sabon direban? Ya ce ke dai bari, ranar da kika ga ubanki ya tsaya a ƙofar asibitinku da motarsa za ki san kifi ya yi aiki. Yadda fuskarsa ta yi haske da yana faɗar haka, na daɗe ban ga irinsa ba, sai da na juya na fuskanci tukunya don kada su ga idona.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar da ta wuce da safe ina ware kayan wanki, sai na ɗauko farar rigarsa, wadda ba ya sawa sai biki ko jana'iza. A cikin aljihun ƙirji na ga ja. Na zaci jini ne. Da na zaro hankicinsa sai na ga ba jini ba ne, jan tawadar hatimi ce, ta yi kaca-kaca da shi, kuma a gefe ɗaya ga sunanka nan a zagaye, rabi ya fito rabi ya goge. Na tafi durowar da nake ajiye kayan Inna na buɗe. Jakar tana nan, hatiminka yana ciki. Amma hatimin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba, wanda jansa ya bushe ya koma kamar ƙasa, sai ga shi da danshi a cikin ramukan rubutun, har ya ɓata mini yatsa.

Yana zaune yana yanke farce na ajiye masa hankicin a gaba. Ban yi ihu ba, ka san kuwa wannan ba halina ba ne. Na ce, Baban Ye-rim, ka buga? Ya ɗauki hankicin ya ninke. Sannan ya ce ranar Juma'a, da ya ce mini zai je gaisuwar rasuwa, ofishin Pyo ya tafi da hatiminka a aljihu. Pyo ya ce masa ba komai, a fara bugawa, Uwargida ta kawo nata da sauran takardun daga baya, ai in ta ga na ƙaninta a kai ba za ta kunyata mijinta a gaban mutane ba. Ka ga lissafin? Kuma daidai ne, Dong-pil, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ya buga, ko dai in bi, ko in tsaya a gaban hukuma in ce mijina ya saci hatimin ƙanena. Baban Ye-rim ya ce an shimfiɗa takarda, an nuna masa wurin da ɗan yatsa, ya dangwala hatimin a tawada, ya ɗaga hannu. Sai ya ga sunan a juye, ya tuna Baba ne ya kai ka aka sassaƙa maka shi da ka gama soja, shi kuma yana tare da ku ranar, har ya biya kuɗin taliyar da kuka ci. Ya ce hannunsa ya ƙi sauka. Ya goge shi da hankici, ya ce wa Pyo cikinsa ya murɗa, a ba shi zuwa ƙarshen wata. Pyo ya ce to, amma daga ƙarshen wata motar ta wani ce, akwai masu jira.

Na ce Allah na gode maka. Sai ya ce kada ki yi saurin godiya, Maman Ye-rim. Ya ce ranar Juma'a hannuna ya ƙi, amma ban yi miki alkawarin wata Juma'ar ba. Ya ce duk ranar da yaron nan ya kira ni ofis, ina fitowa durowar nan nake gani a gabana. Ya ce ni ba ɓarawo ba ne, amma na gaji, kuma na san inda kike ajiye mabuɗi. Tunda muka yi aure ban taɓa jin ya faɗi gaskiyar da ta fi wannan ɗaci ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar a lokacin ba. Na zauna kusa da shi, kifin nan yana kallonmu.

Kada ka ɗauka na tabbata ni ce mai gaskiya. Wataƙila kamfanin Pyo irin na Hak-su ne, wataƙila bayan shekara biyar da muna da motarmu, gona tana nan, Goggo tana ta masifarta a ciki. In haka ne, to ni ce na rufe wa mijina ƙofa ɗaya tak da ta taɓa buɗe masa, kuma zan ga wannan a fuskarsa har mu tsufa. Ina kwana da wannan ina tashi da shi. Amma gonar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Ita ce abincin Goggo, ita ce hanyar da ake bi a hau wajen Baba da Inna, ita ce kuma abu ɗaya da 'ya'yanka za su zo su taka su ce nan ne namu. Ba zan sa ta a ƙarƙashin lambar da wani zai iya zuwa da sukundireba ya kwance ba, balle da hannun wanda ba ya nan. In kai ka ga ya dace, bayan ka ji duk abin da na faɗa, to ka je ofishin jakadanci ka buga da hannunka, ni ma in buga nawa, mu ɗauki abin tare da idonmu a buɗe. In ba ka ga ya dace ba, ba sai ka ce komai ba. Abu ɗaya nake roƙonka: in hatimin nan ya iso hannunka, kada ka sake dawo mini da shi. Ka ba ni amana na riƙe iya ƙarfina, yanzu ta fi ƙarfin durowata.

Jiya na sauke kifin daga ƙusa, na daddake shi, na yi miya da ƙwai da albasa. Na ajiye wa Baban Ye-rim a gaba. Ya dubi kwanon, ya dubi ƙusar, ya ɗauki cokali. Ya shanye tas, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Can kuma, yana ɗaura takalmi, ya tambaye ni ko dattijo Maeng yana zuwa cin abinci har yanzu, wai yana so ya ji ko an taɓa sauke injin motar nan. Ban san ko da gaske yake ba, ko don ya kwantar mini da hankali ne. Farin zaren kuwa ban yar ba. Da shi na naɗe hatiminka, tare da takardar wakilcin, na sa a ƙasan akwatin nan, ƙarƙashin garin barkono da busasshen ganyen teku da Eun-sil ta ce tana marmari.

Saura abu ɗaya, kuma na san za ka ce na haukace. Ba ni zan kai akwatin nan gidan waya ba. Baban Ye-rim zan ba, gobe da safe, kuma zan gaya masa abin da ke ciki. Ba zan manne bakin akwatin ba, zan ce ya manne a can. Gidan wayar da ke karɓar kayan ƙasashen waje yana kan titi ɗaya da ofishin Pyo, kuma in ka fito daga tashar bas ƙofar Pyo ake fara wucewa. Wata bai ƙare ba, motar tana nan tana jiransa. Na yi tunanin in kai da kaina a ɓoye, in ya buɗe durowa ya tarar wayam. Gona za ta tsira, amma daga ranar na zama mai gadi shi kuma ɓarawon da aka riga, kuma haka za mu ƙarasa zamanmu. Mutumin da yake yanke ciyawar kabarin uwata duk shekara bai cancanci haka daga gare ni ba. Gara ya fitar da shi daga gidan nan da hannunsa. In kuwa na yi kuskure, to na yi kuskure da gonarmu, kuma ina neman gafararka tun yanzu.

Ka gaishe mini da Eun-sil, ka ce mata barkonon na gonar Goggo ne, ta rage hannu don bana yana da faɗa. Ka gaishe da Ha-yun, ka ce na ji ta fara taya ku lissafin shago, Allah ya yi mata albarka. Ka ja mini kunnen Do-gyeom, ai akwai wurin kamawa. Goggo tana gaishe ku, ta ce in tambaye ka ko sai ta mutu za ka zo. Ye-rim ma tana gaida kawunta.

Yanzu ka ajiye takardar nan, ka ɗaga garin barkonon ka duba ƙasa. In ka tarar da farin zare a ƙulle, kada ka kira ni. Shi za ka kira. Kada ka yi masa maganar gona, kada ka yi masa godiya, ba zai iya ɗauka ba. Ka ce masa Yaya kamar yadda ka saba, ka tambaye shi lafiyar injin motar dattijo Maeng, ka bar shi ya yi ta bayani har katin wayarka ya ƙare. In kuma ba ka tarar da komai ba, to ni za ka kira, ko ƙarfe nawa ne a nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Tak Sun-rye